Daminar da Kawu Ya Tare a Gidan Hayarsa

Shekarar da na sayi gida a Magariya ina koyarwa ne a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar boko, a Dungas. Na daɗe a aikin, an yi ta jefa ni daga wannan ƙauye zuwa wancan, kuma duk inda na sauka ɗakin aro ne ko na haya. Gidan da na samu ba wani babba ba ne: ɗaki biyu, da zaure, da bishiyar dogon yaro guda a tsakar gida, can bakin gari ta wajen hanyar Sassumbrum. Mai shi zai koma Kano wurin 'ya'yansa, ya sayar mini cikin mutunci. Na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga gidan gado inda bangon ɗakinta ya fara tsagewa, na ba ta ɗaki ɗaya. Ɗayan kuma nawa ne da iyalina, in mun zo ƙarshen mako ko lokacin hutu.

A wurinmu in an sayar da gida, mai unguwa ake kira, a tara shaidu, a raba goro, a shafa fatiha, shi ke nan. Ni kuwa mutumin takarda ne, na ce sai na ga sunana a takardar hukuma. Yin hakan sai an biya abin da muke kira kuɗin tambur, wato harajin da gwamnati take karɓa kafin ta manna tambarinta a kan cinikin. Kuɗin ba kaɗan ba ne ga mai albashi irin nawa. Ina cikin tunanin yadda zan yi sai aka fara sanarwa a rediyo cewa an yi sassauci. Wanda ya sayi gida don ya zauna a ciki, kaɗan zai biya. Wanda ya saya don ya zuba 'yan haya, zai biya cikakke. An ce an yi haka ne don talaka ya samu rufin kansa. Na ji kamar da sunana aka rubuta dokar.

Ba ni kaɗai na ji sanarwar ba. Kawu ma ya ji.

Kawu ƙanen Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗan kasuwa ne, yana kai wake da riɗi ƙetaren iyaka, ya dawo da siminti da robobi da taliya. Yana da gidajen haya a cikin gari, bai taɓa faɗin yawansu ba, in ka tambaya sai ya ce 'yan kangaye ne kawai. Ba mugu ba ne, ba ya hana ɗan'uwa abinci. Amma in dala ɗaya za ta fita daga aljihunsa zuwa hannun gwamnati, sai ka ga kamar haƙori ake cire masa. A wannan shekarar ya sayi wani babban gida kusa da tasha, da 'yan hayarsa a ciki. Da can bai damu da takardar hukuma ba, sai da magadan wani da ya sayar masa da fili suka ja shi gaban alƙali, ya sha wuya kafin ya tsira da filin. Tun daga nan ya yarda da takarda. Kuɗinta ne dai bai yarda da shi ba.

Wata Asabar ya aiko a kira ni. Na same shi a zaurensa yana shan shayi.

"Mushe," ya ce, don haka yake kirana, wato malam da Faransanci, tun da na fara koyarwa, "ku da kuka yi boko, warware mini abin nan da ake ta faɗa a rediyo."

Na warware masa dalla-dalla, har da ɗan Faransanci don ya san ba a banza aka kai ni lakwal ba. Ya saurara yana kaɗa kai.

"To wa ya san inda mutum yake zaune, in ba shi kansa ba?"

Na ce, "Za su tambaye ka, Kawu."

"In sun tambaye ni ai sai in ba su amsa. Ranar da za ka kai taka, ka biyo mini mu tafi tare."

Na nemi izini a wurin aiki, muka tafi biro, wato ofishin da ake biyan kuɗin. Mun tarar da layi har waje. Ma'aikacin da ke karɓar takardu wani siririn mutum ne mai tabarau, ba ya ɗaga murya. Kowa ya zo gabansa tambaya ɗaya yake yi masa: "Ciki za ka zauna, ko haya za ka sa?" Kowa kuma amsa ɗaya yake bayarwa. A gabanmu akwai wani da duk gari ya san jerin shaguna ya saya a bakin kasuwa, ba ɗaki ba banɗaki, shi ma ya ce ciki yake zaune. Ma'aikacin ya rubuta, ya gyara tabarau, ya ce da kowa da kowa, ba tare da ya kalli kowa ba:

"Tun da aka yi sanarwar nan ban ga mai gidan haya ko ɗaya ba a garin nan. Ban san a gidan wa 'yan haya suke kwana ba."

Ba wanda ya yi dariya. Da layi ya zo kaina na ce ciki nake, da ƙarfin zuciyar mai gaskiya. Kawu ma ya ce ciki yake, kuma muryarsa ta fi tawa ƙarfi. Sai ma'aikacin ya gaya mana abin da rediyo ba ta faɗa ba. Ya ce ragin da aka yi mana na wucin gadi ne. Akwai mai dubawa da zai zo gida-gida, ba a faɗin ranar zuwansa. In ya tarar mai gida ba ya ciki, za a biya cikakken kuɗi, a ƙara da tara. Takardar kuma ba ta fita sai ya sa hannu.

Muna fitowa Kawu ya fara tambaya: mai dubawar nan ɗan wa ne, a ina yake salla, wa ya san surukansa. Ba wanda ya sani. Baƙo ne, daga nesa aka turo shi, yana yawo a kan moto, wato babur, shi kaɗai, kuma an ce ba ya cin abincin kowa.

Da farko Kawu ya ɗauki abin da sauƙi. Akwai ɗaki ɗaya da ba kowa a gidan tasha, sai ya sa aka kai tabarma da buta, aka rataye tsohuwar babbar rigarsa a ƙusa, aka ajiye takalma a bakin ƙofa. Ya ce wannan ya isa. Ba a jima ba labari ya zo cewa mai dubawa ya kama wani ɗan kasuwa da ya yi irin wannan dabara. Ya shiga ya taɓa murhu ya ji ba toka, ya ɗaga tukunya ya ga takardar kanti tana manne a gindinta, sannan ya fita ya gaida wata tsohuwa maƙwabciya, ta ce masa gidan nan ko kaza ba ta kwana a ciki. Mutumin ya biya cikakke, ya biya tara, ya zama abin hira a tasha.

Kawu ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya yanke shawara: zai tare da gaske, har mai dubawa ya zo ya wuce. Ya gaya wa matarsa Hajiya su shirya. Hajiya ta ce ita ba ta sayi gida ba, kuma ba a ce za a duba ta ba. Ta ɗaure masa katifa da gidan sauro, ta ce abinci za ta riƙa aika masa, Allah ya ba da sa'a.

Saura matsalar 'yan haya. In mai gida yana ciki amma sauran ɗakuna duk haya ne, ba a san yadda mai dubawa zai ɗauki abin ba, Kawu kuwa ba ya son kasada. Ya tara su a tsakar gida wata Asabar, ya sa ni na zauna a gefe, wai don a ga akwai mai ilimi a cikin maganar. Akwai tela da matarsa da 'ya'yansu. Akwai wata mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu, ita take riƙe da kanta. Akwai kuma 'yan kabu-kabu uku masu ɗaukar fasinja a moto, magidanta ne daga ƙauyukan Dungas, sun bar iyali a gida suna kwana ɗaki ɗaya. Kawu ya yi gyaran murya ya ce daga yau ba ɗan haya a gidan nan, duk dangi ne. Ya nuna mai ƙosai ya ce ita ƙanwarsa ce. Tela ɗan baffansa ne. 'Yan kabu-kabu kuma 'ya'yan wani wansa ne da ya rasu a ƙauye.

Suka kalli juna. Tela ne ya fara magana, a hankali, yana kallon ƙasa.

"Alhaji, mun ji, kuma mun gode da aka ɗaukaka mu. Sai dai ƙarshen wata fa? In na kawo kuɗin ɗaki wani ya gani ya kai labari?"

Na ga a fuskar Kawu cewa bai yi tunanin wannan ba. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Ku riƙe a wurinku tukuna," ya ce, "sai ya zo ya wuce."

"To, Allah ya kawo shi lafiya," in ji tela. "Ba ma sai ya yi gaggawa ba, hanyoyin nan ba kyau da damina."

Daminar kuwa ta kankama, mai dubawa bai zo ba.

Abin da ya fara samun Kawu shi ne bakin mutane. Babban ɗan kasuwa ya bar gidansa mai bene da injin wuta ya koma ɗaki ɗaya a gidan tasha, dole a nemi dalili. Wasu suka ce Hajiya ce ta kore shi. Wasu suka ce motar riɗinsa ce aka kama a iyaka, ya karye. Shi kuwa ba halin ya yi bayani, don bayanin shi ne zai tona shi. Mutane suka fara zuwa yi masa jaje, suna cewa arziki na Allah ne, yana amsawa da "haka ne" yana haɗiye baƙin ciki. Masu zuwa neman taimako ƙofarsa suka daina zuwa, wannan kam bai dame shi ba. Abin da ya dame shi wata Juma'a ce, bayan an idar da salla, wani tsohon abokin cinikinsa ya ba shi hannu, ya bar masa 'yar takardar kuɗi a naɗe a tafin hannu, ya wuce da sauri don kada ya kunyata shi. Kawu ya zo ya same ni da ita a hannu, bai san ko ya jefar ba ko ya sa aljihu. Aljihu ya sa.

Sai kuma gidan da kansa. Tun da ya saya 'yan haya suke kai masa kukan kwanon rufi yana yoyo, yana cewa a yi haƙuri sai rani. Ruwan farko da ya same shi a ciki da la'asar ya sauko. Ina wurin, na kai masa saƙon Inna. Kafin mu gama gaisawa ruwa ya fara ɗiga a kan katifa, muka ja ta gefe, ya biyo ta. Muka ƙare a tsaye a lungu ɗaya, ni da shi da katifar, mai ƙosai tana miƙo mana robobi ta ƙofa.

"Yaya," ta ce, kuma ranar na fara jin ta kira shi haka, "ɗakinka ai shi ne mai dama-dama. Ka zo ka ga nawa."

Kafin mako ya zagayo an kawo sabon kwano. Da farko ɗakinsa kaɗai ya so a rufe, sai tela ya nuna masa cewa in mai dubawa ya ga ɗaki ɗaya da sabon rufi, sauran dangi suna cikin ruwa, zai yi mamakin irin wannan zumunci. Aka rufe gidan duka.

Banɗaki kuma guda ɗaya ne ga kowa. Kawu, wanda a gidansa yake da nasa shi kaɗai da tayil, ya koyi tsayawa a layi da buta a hannu bayan 'yan kabu-kabu, waɗanda kullum sauri suke yi amma ba sa saurin fitowa. Bai jure ba. Aka haƙa na biyu. Famfo ma da aka yanke tun zamanin tsohon mai gidan, aka je aka maido shi, don Kawu ya gaji da jiran mai ruwa.

Dangantakar kuwa ta kama kamar da gaske. 'Yan kabu-kabu suka koma kiransa Baba, kuma ba a gaban baƙi kawai ba. In sun saɓa da 'yan sanda a kan takardun moto, Baba ake kira. Matar tela ta haihu, aka zo da asuba aka gaya masa an yi masa ɗa. Duk unguwa ta san ya ce tela ɗan baffansa ne, kuma duk unguwa ta san tela ba shi da halin rago a tsakiyar damina. Kawu ya sayi rago. Shi ya yi wa jaririn huɗuba, shi ya zauna a kan tabarma yana karɓar barka.

Inna ta zo sunan. Mai ƙosai ta durƙusa har ƙasa ta gaida ta, ta ce, "Sannu da zuwa, Yaya." Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta dubi ƙanenta, ta ce:

"Ikon Allah. Mahaifiyarmu har ta rasu ba ta gaya mini ba."

Kawu ya yi kamar bai ji ba. Inna kuwa ta karɓi ƙanwar hannu biyu, don ƙosanta yana da daɗi, kuma tun daga ranar ba ta sake sayen ƙosai da kuɗinta ba.

Duk wannan ina kallo ne ina dariya a ciki, don ni ba abin da zan shirya. Gidana gidana ne, uwata tana ciki, littattafaina suna ciki, ko wane lokaci mai dubawa ya ga dama ya zo. Ya kuwa zo, ranar wata Talata, ina Dungas a gaban allo, lakwal ba ta daɗe da komawa ba.

Inna ce ta ba ni labarin da kanta, tana jin daɗin yadda ta karɓi baƙon gwamnati. Ta ce yaro ne mai ladabi, ya yi sallama, ya cire takalmi. Ta dama masa fura ya ce ya gode, ruwa kawai ya sha. Ya tambaya ko mai gidan yana nan.

"Na ce masa, ina zai zauna? Ɗana ma'aikaci ne, ba zaman banza yake ba. Yana Dungas, can aka ba shi ɗaki a cikin lakwal, da matarsa da 'ya'yansa. Nan sai ƙarshen mako, wani lokaci ma in aiki ya yi yawa sai mu yi wata ba mu gan shi ba."

Na ce, "Inna, haka kika ce masa?"

"To ƙarya zan yi masa? Ya tambayi buhunan da ke zaure, na ce na maƙwabciyarmu ne mai ƙuli-ƙuli, ta rasa wurin ajiyar gyaɗa na ce ta kawo. Ya ce tana biya? Na ce Allah ya kiyaye, sai dai duk wata tana aiko mana da kwalbar mai, ba ta taɓa fashi ba. Ya rubuta. Rubutunsa ma mai kyau, kamar naka."

Ba a daɗe ba takarda ta same ni. An rubuta cewa mai gida ba ya zaune a ciki, kuma an ba da wani sashe na gidan haya ana biya da kaya. In biya cikakken kuɗin tambur.

Na koma wurin mai tabarau da duk Faransancin da na mallaka. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba. Ya ce ya yarda da ni, shi ma iyalinsa suna wani gari. Amma abin da ake nema shi ne shaidar cewa a Magariya nake zaune, in kawo. Na ce takardar aikina tana cewa Dungas. Ya ce to ka gani. Na ce gwamnatin da ta tura ni Dungas ita ce kuma take tambayata me ya sa ba na Magariya. Ya ce wancan ma'aikatar ilimi ce, nan kuma ta kuɗi, ba a haɗa su. Abin da ya iya yi mini, ya yafe tarar, don ya ga ba da niyya ba ne, ya kuma yarda in biya kaɗan-kaɗan. Na fito ina gode masa, sai da na kai bakin titi na tambayi kaina godiyar me nake yi.

Kawu kuwa sai da aka kusa gama yankan gero mai dubawa ya isa gare shi. Tela ne ya ba ni labarin. Ya ce da hantsi ne, Kawu yana zaune a tsakar gida da 'yar shara da zane, jaririn tela a cinyarsa ya yi masa fitsari, yana faɗa da ɗaya daga cikin 'yan kabu-kabu a kan wanda ya bar famfo a buɗe, mai ƙosai kuma tana yi masa tsiya wai ya cinye na mutane bai biya ba. Sai ga sallama. Kawu ya daɗe yana haddace abin da zai faɗa in ranar ta zo, amma a lokacin bai ma gane ko wane ne ba, ya ɗauka mai karɓar kuɗin ruwa ne, ya fara yi masa faɗa shi ma. Mai dubawa bai taɓa murhu ba, bai ɗaga tukunya ba. Ya tsaya ya kalli gidan, ya tambayi mai ƙosai ita wace ce, ta ce ƙanwarsa ce, kuma a yi masa faɗa ya riƙa shan maganinsa. Ya leƙa waje ya tambayi maƙwabta, suka ce Alhaji ai tun farkon damina yake nan, abin tausayi, da babban mutum ne. Mai dubawa ya sa hannu, ya ce da Kawu Allah ya mayar da alheri, ya hau motonsa.

Takardar Kawu ta fito da ragi. Ranar da ya karɓo ya sa aka ɗaure katifa aka mayar gidan Hajiya, ya yi wanka a banɗakinsa mai tayil, ya sa babbar riga, ya zaga kasuwa a ƙafa don kowa ya ga bai karye ba. Bayan kwana biyu ya koma gidan tasha ya tara mutanensa, ya ce to, alhamdu lillahi, an wuce wurin, kowa ya koma matsayinsa, a kawo na watannin da aka riƙe.

Tela ya ce wallahi ya riƙe, sai dai hidimar haihuwa ta ci. 'Yan kabu-kabu suka ce Baba ya san yadda damina take, sun aika gida an yi noma. Mai ƙosai ta sa gefen zane a ido. Kawu ya fusata ya ce duk su fita, ya tafi wurin mai unguwa. Mai unguwa ya saurare shi, sannan ya ce:

"Alhaji, ni a gabana ka ce matar nan ƙanwarka ce. A gabana ka yanka wa ɗan telan nan rago. Yanzu in na tsaya maka ka fitar da ƙanwarka marar miji a titi, me za a ce da ni, me za a ce da kai? In kuma ba ƙanwarka ba ce, to sai mu je a gyara takardar."

Kawu ya ce ba sai an je ba.

A ƙarshe an daidaita. Na baya ya tafi, ba a sake maganarsa ba. Suka ci gaba da biya, amma ba a kiransa kuɗin haya, sai dai a ce an kawo wa Baba na goro, kuma na goro ba a ƙayyade shi ba a kuma ƙara shi. Ban taɓa jin Kawu ya haɗa lissafin kwano da banɗaki da famfo da rago ya gwada da ragin da ya samu ba. Na tabbata ya haɗa, don ɗan kasuwa ne, amma bai faɗa wa kowa ba. Abin da na sani, da ya sake sayen wani gida bayan shekara biyu, ya je biron shi kaɗai, kuma kafin mai tabarau ya buɗe baki ya ce masa haya ce, a rubuta.

Na taɓa yi masa ƙorafin abin da ya same ni, ina tsammanin zai tausaya. Ya ce, "Kai matsalarka, Mushe, ka ɗauka in abu gaskiya ne ba ya bukatar shiri. Ni da na san tawa ba ta da ƙafa, ai ka ga yadda na tsaya a kanta." Na gama biyan nawa a hankali, daga albashi. Abokan aikina a Dungas suka ji labari suka sa mini suna mai gidaje, in na shigo ɗakin malamai sai su tashi tsaye. Inna ba ta taɓa yarda ta yi kuskure ba. In maganar ta taso sai ta ce gwamnati da kanta ta sa ɗanta a sahun masu gidajen haya, sahu ɗaya da manyan 'yan kasuwa, ita ba ta ga abin baƙin ciki a nan ba. Maƙwabciyar dai na roƙe ta ta kwashe gyaɗarta, muka koma sayen mai.

Bara waccan Kawu ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, hawan jini. 'Ya'yansa na cikinsa duk suna nesa, ɗaya a Damagaram, sauran a Kano. 'Yan kabu-kabun nan ne suka ji, suka bar fasinja a hanya, ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya riƙe shi a baya, suka kai shi likita. Da aka tambayi wa yake da shi, suka ce babansu ne, kuma ba wanda ya sa su. Mai ƙosai ta rufe tuya ta zauna jinya tare da Hajiya, suna karɓa-karɓa. Tela yana zuwa kullum da yamma da yaron nan a kafaɗa, ya zauna ya yi ta ba shi labarin tasha.

Na je duba shi bayan an sallame shi. Ya rame, amma bakinsa yana nan. Na tarar gidan cike, Hajiya tana tsakar gida tana zuba tuwo a kwanuka, ta jera su sun kusa kai bakin ƙofa. Na gaida ta na ce sannu da hidima. Ta ɗago ta share gumi da bayan hannu, ta ce:

"Ina fa hutu. Da aka kawo ni gidan nan yaya ɗaya aka nuna mini, uwarka. Miƙo mini wancan kwanon, na tela ne, ƙanin miji, ba ya cin yaji."